Ɗigo na Biyu

Malam Shu'aibu yana durƙushe a bakin rumfa ranar kasuwar Zurmi, yana kwance igiyar ƙunshin littattafansa, sai ya ji baitin mahaifinsa yana fitowa daga lasifika. Hannunsa ya tsaya cak a kan ƙullin. Shagon da ke jikin shimfiɗarsa na Anas ne, mai cajin waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori, kuma tun da aka kafa shagon nan ba a sake jin tallar mai fura a layin ba. Malam Shu'aibu ya daɗe da koya wa kunnensa toshewa. Amma wannan karin ya san shi tun yana goye.

Muryar wani saurayi ce, mai zaƙi, tana rerawa:

"Ya Rabbi ga jama'ar garinmu gabanka,
Bisa gwargwadon aikinsu ba su fari."

Sai rerawar ta yanke, wata murya mai kaushi ta hau kai. "To kun ji da kunnenku. Ba ni na faɗa ba, a rubuce yake. Waƙar da kuke rerawa duk shekara wurin roƙon ruwa, fari mai ita ya roƙa muku. Kuna ta zuba amin, sannan kuna mamakin gero ya ƙone a tsaye."

Ƙari ne. Abin da mahaifinsa Malam Jaji ya rubuta ke nan, abin da ya rera ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa: bisa gwargwadon aikinsu ba su ƙari. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana karantarwa a garin nan, ya yi wa 'ya'yansu suna, ya wanke gawarwakinsu. Waƙar manoma ce ya yi musu, kuma tun zamaninsa al'adar ta zauna: idan ruwa ya ɗauke, aka fita fili aka yi salla, sai dattawa su zauna su rera ta kafin a watse.

Malam Shu'aibu ya miƙe a hankali saboda gwiwa, ya leƙa shagon.

"Kai, Anas. Kashe wanga abu."

Anas ya rage ƙarar, bai kashe ba. "Baba Malam, an tashi lafiya? Ya hanyar Kaura? Ɓarayin daji ba su tare ku ba?"

"Wa ya buga shi?"

"Wane?"

"Abin da ka saki yanzu. Wace maɗaba'a ce? Ina sunan mai ita?"

Samarin da ke zaune kan benci suna jiran caji suka dubi juna. Anas ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya, don yaro ne mai ladabi daidai gwargwado.

"Baba, ai ba bugawa ake ba. Turo mini aka yi. Shi ma wanda ya turo, turo masa aka yi."

"To wa ya fara?"

"Allah kaɗai ya sani. Littafin dai ya daɗe a waya da boko, kyauta. Yanzu da ruwa ya ɗauke ne wani ya tono wurin nan ya sa murya."

"Ƙarya ce aka yi wa mamaci. Ƙari ne, ba fari ba." Ya koma shimfiɗarsa ya zaro kwafi ɗaya, ɗan siririn littafi mai koren bango da rana ta cinye launinsa, ya buɗe shafin ba tare da ya nema ba, ya miƙa. "Duba nan."

Anas bai karɓa ba. Ya ɗaga tafukan hannunsa. "Wallahi Baba ni wannan rubutun naku, ko an yi mini bulala ba zan fitar da kalma ba. In dai don nawa ne, ga shi na goge." Ya danna wani abu, lasifikar ta ɗauke, ta shiga wata waƙa. "Amma fa ka sani, jiya wani daga Galadi ya zo da shi a wayarsa. Yana Shinkafi, yana Kurya. An ce har cikin Nijar."

Wani daga cikin na kan bencin, mai hular sanyi a tsakiyar zafi, ya ce, "Ni dai babana ya ce gobe wurin roƙon ruwa in aka fara ta, tashi zai yi. Ga ɓarayin daji sun hana mu gonar nesa, ta kusa kuma a ƙone mana ita da baki."

Malam Shu'aibu ya dube shi har sai da saurayin ya sunkuyar da kai. Ya rufe littattafan da tabarma, ya ɗora dutse, ya nufi gidan liman.

Littafin nan da hannunsa ya fita duniya. Shi marubuci ne irin na da, wanda maɗaba'a ke ɗaukar hoton rubutunsa ta zuba a faranti ta buga. Tun jirgin ƙasa yana zuwa Kaura ya kwafe waƙar daga takardun mahaifinsa, ya kai ta Kano. A bugun farko wasali ɗaya ya faɗi a wani baiti. Ya koma, aka kankare farantin aka gyara a gabansa, sannan ya bi kasuwanni, Shinkafi, Zurmi, Kurya Madaro, duk wanda ya sayar wa ya nemo shi ya gyara masa da alƙalami. Abin da ya sani game da kuskure ke nan: yana da gida, yana da mai shi, ana bin sawunsa a kama shi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jiha tana ɗanya, kowane mai gida yana son a ga littafi a zaurensa, ƙunshi-ƙunshi ya riƙa saukewa daga mota yana ƙarewa kafin azahar. Daga baya kwamfuta ta zo, maɗaba'a ta ce rubutun hannu ya tsufa. Sannan waya ta zo ta ce wa ita ma maɗaba'ar ta tsufa. Zuwansa Kano na ƙarshe ya tarar an mai da wurin shagon sayar da tayal, farantansa kuma an auna su an sayar wa masu ƙera tukwane.

Liman Sanda yana zaure, ya jingina da bango, carbi a hannu. Tare suka yi karatu a gaban Malam Jaji. Suka gaisa gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, domin kowannensu ya san abin da ke bayanta.

"Allah gafarta Malam, ka ji abin da ake faɗi?"

"Na ji, Shu'aibu."

"Kai ma ka yarda?"

"Haba. Ni da na rera ta a bayan Malam Jaji? Ai ko da Malam zai roƙa mana shi, ba fari zai ce ba, hwari zai ce, irin namu." Ya yi 'yar dariya, ya ga Malam Shu'aibu bai taya shi ba, ya bari.

"To gobe ka tashi ka faɗa musu."

"Na faɗa ranar Juma'a."

"Mi sunka ce?"

"Sunka ce tsoffi suna rufa wa tsoffi asiri. Wani ya ɗaga mini waya a cikin masallaci, Shu'aibu, a cikin masallaci, ya ce ga shi a rubuce." Liman ya juya carbinsa. "Mutane sun yi shuka sau biyu. Ka bi ta gonaki ka gani, gero ya yi kamar an zuba masa ruwan zafi. Mutumin da ke kallon wannan, neman wanda zai ɗora wa yake yi. In na bari aka rera ta gobe, fili zai rabu biyu. Wane roƙo ke nan?"

"Watau ka cire ta."

"Bana kawai. Har abin ya lafa."

"Abin da aka cire bana, wa zai tuna shi baɗi? Su wa ke da ita a ka? Ni, da kai, da Bawa makaho. In an fasa sau ɗaya an fasa ke nan, kuma kowa zai ce da dalili aka fasa."

Liman bai musa ba. Ya dubi bakin ƙofa, inda rana ta kwanta fara fat.

"Ka kawo musu abin da za su gani da idonsu," ya ce. "Ba abin da za su ji daga bakinmu ba. In sun yarda kafin safiya, ni zan fara ɗaga murya."

Malam Shu'aibu bai sayar da komai ba ranar nan, bai ma kwance sauran ƙunshin ba. Ya bi motar farko da ta cika zuwa gida, don direbobi ba sa yarda la'asar ta same su a hanyar Kaura saboda ɓarayin daji. Gonaki suna wucewa ta tagar, ganyen gero ya nannaɗe ya yi toka-toka. Ba wanda ya yi magana a motar sai da suka ga rufin kwanon gari.

Ya san wanda ya mai da littafin boko. 'Yarsa ce, Zulaihat, malamar Islamiyya, tana aure a unguwar bayan tasha. Shekarun baya ta zo ta ce, Baba, ba mai karanta ajami yanzu, bari in juya waƙar Kaka a sa ta a waya kada ta mutu. Ya ce ta yi abin da ta ga dama. Da ta gama ta kawo ta ce ya zauna ta karanta masa ya saurara, ya ce shi ba ya zama a karanta masa waƙar ubansa daga cikin gilashi.

Ya kira ta da 'yar ƙaramar wayarsa. Kafin ya gama alwala ta iso, hijabinta ya jiƙe da gumi. Da ganin fuskarta ya san labari ya riga shi.

"Yaushe kika sani?"

"Kwana uku ke nan, Baba. Na rasa ta inda zan fara gaya maka."

Ya shiga ɗaki ya fito da gafaka, fatar ta yi baƙi don shekaru. Ya kwance, ya zaro takardun mahaifinsa na asali, waɗanda ba a ɗinke ba, ya ware ɗaya ya shimfiɗa a kan buzu. Tawadar ta koɗe ta koma ja-ja kamar ruwan goro.

"Karanta."

Ta durƙusa. "Ƙari," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To ina kika samo fari?"

"Ɗigon ne, Baba." Ta nuna da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa ba. "A rubutunku ƙaf ɗigo ɗaya ne a sama, fa kuma nata yana ƙasa. A wanda muka taso da shi a Islamiyya, da wanda ke cikin kwamfuta, ɗigo ɗaya a sama fa ne. Ƙaf biyu gare shi."

"Ba ki san haka ba lokacin?"

"Na sani. Duk sauran wuraren na kiyaye, don in na karanta da fa sai maganar ta ƙi zama, in farga. Nan ne kaɗai ta zauna ta kowane gefe. Idona ya riga ni." Ta share fuska da gefen hijabi. "Na gyara nawa tun shekaranjiya, na sake turawa. Ba wanda ya buɗe. Mai fari ita ke gudu."

Ya so ya yi faɗa. Faɗan yana nan a maƙogwaronsa tun daga Zurmi. Amma ya tuna ranar da ta tsaya a nan wurin da wayar a hannu tana roƙonsa ya saurara, sai ya haɗiye.

"Ɗauki hoton wanga shafi," ya ce. "Hannun Malam ne. A tura musu su gani."

"Baba, za su gan shi yadda na gan shi."

"Ko alif ɗin da ke bayan harafin ai ya isa shaida. Farin rashin ruwa ba a ja masa baki, ba shi da alif."

"Wa ya san wannan a cikinsu?"

"Zan yi musu bayani. Ɗauki muryata."

Ta ɗauka. Ya gyara zama kamar mai ba da karatu, ya yi bismilla, ya yi salati, ya kawo nasabar Malam Jaji da malaman da ya yi karatu a wurinsu, ya bi ta kan bambancin rubutun magabata da na gabas, harafi bayan harafi. Bayani ne wanda da a zaure aka yi shi, da an tashi an gamsu. Zulaihat ta tura hoton da muryar a guruf ɗin 'yan Zurmi, da na malaman Islamiyya, da duk inda take da shiga.

Suka yi la'asar. Suka zauna a inuwar darbejiya, wayar tana kan buzu tsakaninsu. Ba a jima ba ta fara ƙara.

"Karanta mini."

"Bari su taru tukuna."

"Zulai."

Ta ɗauka. "Wannan ya ce, Allahu akbar, ga shi da hannunsa, ɗigo ɗaya, fa ce ƙarara. Wannan ya ce, da muna shakka, yanzu 'ya'yansa da kansu sun kawo hujja." Ta tsaya. "Wani ya zagaye harafin da jan layi."

"Ba su ji bayanin ba?"

"Ya yi tsawo, Baba. Hoton suke turawa gaba, muryar suna barinta a nan."

"To a kira hoton ya dawo."

Ta girgiza kai, ta koma kan wayar.

Akwai wani dattijo ɗaya da ya sa baki, ta karanta masa, ya ce ku ji tsoron Allah, wannan ƙaf ne na mutanen da. Aka amsa masa da hotunan fuskoki masu dariya. Daga nan bai sake magana ba.

Malam Shu'aibu ya jawo takardar gabansa. Shekara hamsin da wani abu yana rubutu, bai taɓa ɗora wa ƙaf ɗigo biyu ba. Sau ɗaya kawai, yana yaro, ya gwada a allo don ya gani a wani littafin Masar, Malam Jaji ya sa shi ya wanke allon gaba ɗaya, ya ce kowane gida da irin ƙofarsa, kada ya sake. Amma gobe da hantsi za a fita fili, a yi salla, a shafa, a watse shiru, kowa ya tafi gida da sanin dalilin shirun.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya fito da kurtun tawada da alƙalamin kara. Tawadar ta bushe a gindi, ya ɗiga mata ruwa daga buta, ya dama da tsinke.

"Baba, me za ka yi?"

"Harshen da suke ji zan yi musu."

"Kada ka taɓa ta. Don Allah. Ita kaɗai ce ta rage da hannunsa."

"Kalmarsa nake mayar masa. Ɗigo ne kawai."

"Hoton farko yana wurinsu, Baba. Ba ya gogewa."

"In sabon bugu ya fito, tsoho ya mutu. Haka ake yi."

"A da ake yi."

Bai saurare ta ba, karo na biyu ke nan. Ya fiƙe bakin alƙalamin da reza, ya gwada a bayan hannunsa, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa takardar, saboda idon ya yi rauni. Ya ajiye ɗigon a gefen na mahaifinsa, daidai girmansa, daidai tsayinsa, aikin gwani. Ya hura masa iska.

Ɗigon Malam Jaji ja-ja ne, ya shige cikin takarda ya zama ɗaya da ita. Na Shu'aibu baƙi ƙirin, yana ƙyalli.

"Zai koɗe," ya ce.

"Yaushe?"

"Ɗauki hoton."

Ta ɗauka tana kuka, ta tura, don bai taɓa ba ta umarni ta ƙi ba. Rana ta yi ƙasa. Daga gabas wani ɗan gajimare ya taso, mata a maƙwabta suka fara kiran yara su kwashe shanya, sai iska ta bi ta kansa ta watsa shi. Wayar ta yi shiru na ɗan lokaci, har Malam Shu'aibu ya fara wanke alƙalaminsa. Sannan ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Zulaihat ta duba, ta kife ta a cinyarta.

"Mi sunka ce?"

"Ba komai."

"Zulai, ban haife ki don ki yi mini ƙarya ba."

Ta juyo da fuskar wayar ta nuna masa. Ko da raunin idonsa ya gane. An jera hotunan biyu gefe da gefe, na ɗazu da na yanzu, an kumbura harafin har ya cika gilashin. Jan ɗigo, baƙin ɗigo. A ƙasa akwai layi ɗaya na boko.

"Liman Sanda ma yana guruf ɗin," ta ce. "Ɗansa ke karanta masa."

"Karanta mini abin da ke ƙasa."

Ta ja numfashi. "An rubuta, jama'a ku duba da kyau, wannan ƙari ne."

"Sake faɗi."

"Wannan ƙari ne. Wai ɗigon ƙara shi aka yi. Kowa abin da yake ta maimaitawa ke nan, Baba. Ƙari ne, ƙari ne."

Malam Shu'aibu ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki takardar ta gefe da gefe, ya duba ko ɗigon ya bushe, ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta, ya daidaita bakinsu a kan gwiwarsa. Ya zura su a gafaka, ya naɗe igiyar, ya ƙulla.

"To," ya ce, "yau dai sun faɗe ta daidai."

Aka kira magariba. Ya miƙa hannu ya ɗauki buta, ya jijjiga, ya ji ba ruwa a ciki.